Daga Dogon Zungeru Zuwa Jirgin Sama: Waiwaye Kan Tarihi da Harshe

Wannan maƙala waiwaye ce kan hanyoyin sufuri biyu da Turawan mulkin mallaka suka kawo ƙasar Hausa, da sawun da suka bari a harshe.

A cikin Jihar Neja ta yau aka shimfiɗa dogon farko a Arewa. A 1901 aka haɗa Wushishi da Zungeru da siririn layi, domin ɗauko kaya daga Kogin Kaduna. Da aka rufe shi a 1910, sai aka yi amfani da kayansa wajen gina layin Zariya zuwa Bukuru, wanda aka kammala a 1914. Kuza aka yi shi dominta, amma ya sauƙaƙa wa Turawa hawa tsaunukan Jos shan iska, har aka rufe shi a 1957. Tsohuwar Abuja, wato Suleja, dogon bai ratsa ta ba. Matafiyanta sai sun dangana da Minna.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, a ranar 1 ga Nuwamba 1925, jiragen sojan saman Ingila uku suka sauka Kano daga Masar. Nijeriya kuwa sai a 1964 ta kafa tata rundunar.

Bahaushe ya ari “tasha” da “reluwe”, amma ya faɗaɗa ma'anar “jirgi”, wanda da na ruwa ne kaɗai, ya sami jirgin ƙasa da jirgin sama. Dattawan da suka hau layin Jos suna ƙarewa. Wajibi ne manazarta su naɗi labaransu da kalmominsu tun da sauran lokaci.