Filaye da motar asibiti a Masarautar Gumel: wa ke da ikon me?

Ƙananan hukumomi huɗu ne suka haɗa Masarautar Gumel a arewacin Jihar Jigawa: Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli, 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga Asusun Tarayya, idon matasa ya koma kan ciyamomi. Sai dai a al'amura biyu da suka fi taɓa rayuwar mutanen karkara, wato gonar da za a karɓe domin wani aiki da motar da za ta kai majinyaci asibiti, ikon ciyaman bai kai yadda ake zato ba.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Shi ke ayyana inda ake kira birni, kuma filayen birni suna ƙarƙashinsa. Abin da ya rage wa ƙaramar hukuma shi ne ƙasar karkara. Sashe na 6 ya ba ta damar bayar da haƙƙin mallaka na gargajiya, amma da iyaka: hekta 500 domin noma, hekta 5,000 domin kiwo. Abin da ya haura haka sai da amincewar gwamna. Sashe na 28 kuma ya ba gwamna ikon soke haƙƙin mallaka idan maslahar jama'a ta buƙata.

Wurin da manomi ya fi jin jiki shi ne diyya. Doka ba ta biyan kuɗin ƙasar kanta. Abin da ke kanta ake ƙiyastawa, kamar shuka da itatuwa da gini da rijiya. Gonar gero da aka gada kaka da kakanni, idan aka auna ta da rani bayan an kwashe amfani, kan tashi a kuɗi kaɗan. Akwai kuma tanadin da ba a cika ambata ba: idan gonar noma ce aka karɓe, Sashe na 6 ya wajabta wa ƙaramar hukuma ta ba mai ita wani filin da zai noma. Wannan haƙƙi ne da manomi zai iya nema a sakatariya.

Gagarawa ta ga wannan doka a aikace. Gwamnatin jiha ta ware kimanin hekta 12,000 domin gonar rake da masana'antar sukari ta kamfanin Great Northern Agribusiness na rukunin Lee, filin da ya ratsa Gagarawa da Sule Tankarkar da Garki da Taura. A zamanin Gwamna Muhammad Badaru Abubakar manoma da dama sun bijire, wasu suka ƙi karɓar diyya, yayin da gwamnati ke cewa aikin zai samar da sana'a ga dubban mutane. Filin ya ninka iyakar noma ta ƙaramar hukuma sau 24, saboda haka a Dutse aka yanke shawarar. Haka ma yankin ciniki marar haraji na Maigatari: jiha ce ta kafa shi, hukumar tarayya ta NEPZA ke ba da lasisi, makomarsa kuwa tana rataye da iyakar Nijar, wadda aka rufe daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yamai na Yulin 2023. Kasuwanni da tashoshin mota da hanyoyin cikin gari ne Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya bar wa ƙaramar hukuma, kuma a nan ne rabon rumfuna da shaguna ke zama aikinta.

Batun motar asibiti ya fi wannan sarƙaƙiya, domin hannuwa uku ne a kansa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar majinyacin gaggawa, ta kuma kafa asusun kula da lafiya a matakin farko da aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, inda kashi 5 cikin 100 na asusun ke tafiya ga jinyar gaggawa. Da shi ake tafiyar da shirin NEMSAS na motocin ɗaukar marasa lafiya, wanda ya fara aiki a 2022. Babban Asibitin Gumel na jiha ne. Asibitocin mazaɓu kuwa suna ƙarƙashin hukumar lafiya a matakin farko ta jiha. Kundin Tsarin Mulki ya ce ƙaramar hukuma za ta sa hannu a harkar lafiya, bai ce ita ce mai ita ba.

Jigawa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A zamanin Gwamna Sule Lamido shirin Haihuwa Lafiya ya raba motoci ga ƙauyuka domin kai masu naƙuda asibiti, an kuma horar da direbobin ƙungiyar NURTW su yi irin wannan jigila. Sayen mota shi ne mafi sauƙi a cikin lamarin. Mai da taya da albashin direba da hanyar da za ta biyu da damina su ne ke ajiye ta a gindin bishiya. Fashewar tankar mai a Majiya ta Ƙaramar Hukumar Taura, maƙwabciyar Gagarawa, a tsakiyar Oktoban 2024, wadda ta hallaka fiye da mutum 150, ta nuna yadda nisan asibiti ke zama hukunci tsakanin rai da mutuwa.

Saboda haka idan ciyaman ya ba da sanarwar sabuwar motar asibiti, abin tambaya shi ne layin kasafin da zai zuba mata mai, da cibiyar da za ta kwana, da lambar da za a kira cikin dare. Idan kuwa gona ce aka shata, takardar soke mallaka daga ofishin gwamna take fitowa, filin musanya kuma yana wuyan sakatariya.