Alaimen: Yadda ake daidaita ƙafafun mota

Alaimen shi ne daidaita tsayuwar tayoyin mota bisa ma'aunin kamfanin da ya ƙera ta. Kusurwa uku ake dubawa. Kamba ita ce karkatar saman taya ciki ko waje. To shi ne inda gaban tayoyin ya dosa. Kasta kuma ita ke mayar da sitiyari tsakiya bayan an sha kwana.

A Turai da Amurka, masu gasar zagaye alamomi da mota sukan karkatar da saman taya ciki da digiri 2 zuwa 3 domin ta kama ƙasa a kwana. A doguwar tafiya, wannan saitin yana cinye gefen taya na ciki, musamman idan to ya kauce.

Saboda haka, motar da ke jigila tsakanin Shanono da Kano ma'aunin kamfani ya dace da ita. Faɗawa rami ɗaya na iya ɓata saiti. Alamominsa su ne mota ta riƙa ja gefe, sitiyari ya karkace, ko taya ta ci ɓangare guda. Kafin a yi alaimen, a gwada iskar tayoyi, a sauya tayarod ɗin da ya saki, domin saiti ba ya zama a kan ƙarfen da ke wasa.