Ranar da masu shiɓa suka kama mulki

Jama'a, a ƙasar Italiya akwai wani birni, Fulorans. Shekaru ɗari shida da suka wuce, birnin nan ba shi da sarki. Ƙungiyoyin sana'a 21 ke fidda shugabanni, su yi wata biyu su sauka.

Amma fa ba kowa ke da baki ba. Arzikin garin daga saƙar gashin tumaki yake, kuma masu wanke gashin da shiɓarsa ba su da ƙungiya. Attajirai ke yanka musu lada, ga bashi, ga haraji. Wanda bai da ƙungiya, ba a shawara da shi.

A watan Yuli na 1378 suka tashi, suka kama fadar gari. Wani mai shiɓa, Mikele di Lando, ya zama shugaba. Aka buɗe sabbin ƙungiyoyi uku.

Abin bai daɗe ba. Ƙarshen Agusta aka murƙushe su a dandalin gari, har da hannun Mikele ɗin nan, abin takaici. Aka soke ƙungiyarsu. Sauran biyun suka kai 1382, su ma aka rufe su.