Daga Kaset zuwa Saƙon Murya: Yadda Ƴan Bida na Adar Suke Jin Gida

A ƙasar Adar, da zarar an gama girbi an shigar da damman hatsi rumbu, sai samari su kama hanyar bida. Wannan al'ada ta girmi jamhuriyar Nijar kanta, domin tun zamanin mulkin Faransa mutanen Afala da sauran ƙauyukan arewacin Tawa suke gangarawa Kumasi da Akara, daga bisani Abijan da Legas da Duwala, sannan Libiya. An sha rubuta tarihin tafiyar. Abin da ba a cika kula da shi ba shi ne yadda wanda ya tafi yake jin labarin gida, da abin da jin yake ci masa.

Hanya ta farko ita ce sallahu: mai komowa gida ya ɗauko kuɗi da turmin atamfa da saƙon baka, ya isar da abin da ya tuna. Sai wasiƙa, ko ta ajami a hannun malami, ko ta Faransanci a hannun ɗan lakwal. Ni kaina ina ajin firamare na sha zama a kan tabarma ina juya wa matan unguwarmu wasiƙun mazajensu zuwa Hausa. Sai da na girma na gane cewa babu matar da za ta faɗi abin da ke cikinta a gaban yaron maƙwabta. Wasiƙun nan duka gaisuwa ce da lissafin hatsi.

Kaset ne ya fara kai muryar mutum inda take so. A shekarun 1980 da 1990 akan tara iyali da dare, a sa wa rediyo sabon batir, mai gida ya fara magana, sai uwa, sai ƙanne. Matar ɗan bida ita ce ta ƙarshe, kuma saboda kunya ba ta wuce kalma biyu. Direba ya ɗauka, ya isa bayan makonni, wani lokaci wanda aka ce yana jinya an riga an yi masa sadakar uku.

Tarho kuwa na birni ne. A 1997 aka raba ma'aikatar OPT, aka kafa SONITEL, kuma a wannan zamani rumfunan kira na ƴan kasuwa suka yawaita a Tawa. Akan tsai da rana, galibi Lahadi ta kasuwa, tsoho ya baro Afala tun da asuba ya zauna jiran kira daga Abijan. In layi ya ƙi, ya koma sai wani mako. Da yaƙi ya ɓarke a Kwaddibuwa a Satumban 2002, a ƙofar waɗannan rumfuna iyaye suka riƙa yini.

Kamfanin Celtel ya fara aiki a Nijar a 2001, ya koma Zain a 2008, sannan Airtel a 2010. Orange ta shigo a 2008. Amma kiran ƙasar waje ya ci gaba da tsada, don haka talaka ya ƙago dabarunsa. Ya yi bip, wato ya kira ya katse, na can ya gane ya kira da kuɗinsa. Ya hau tudu neman rezo. Ya kai salularsa caji ranar kasuwa.

Skype, wanda ya fito a 2003, bai taɓa kama ƙauye ba, don yana bukatar kwamfuta da karatu. An ma rufe shi a watan Mayun 2025. WhatsApp ne ya yi nasara, ba don rubutu ba, sai don saƙon murya da ya ƙara a 2013, da kira a 2015. A ganina saƙon muryar ya fi kiran dacewa da Afala: yana jiran rezo ya dawo, ba ya neman mutum biyu su samu sarari lokaci guda, kuma mace tana iya shiga ɗakinta ta yi shi ita kaɗai. Kaset ne ya dawo, ba tare da direba da taron dangi ba. Rauninsa ya bayyana a Fabrairun 2021, sa'ad da aka katse intanet na salula kwanaki kusan goma bayan zaɓen shugaban ƙasa, mutane suka koma bip da kira mai tsada.

A matsayina na mai son tarihi akwai abin da ke damuna. Salula in ta cika akan share saƙonni, in ta lalace su tafi da ita. Gwaggona kuwa har yanzu tana da kaset uku a ƙasan akwatinta, da muryar mijinta daga Abijan, ya rasu shekaru da dama. Bara na yi yawon kasuwar Tawa ina neman rediyon da zai kunna su, ban samu ba.