Kokowar takobi da filin Langa-Langa na Damagaram

Masu saurarenmu na karkara da ƴan uwa mazauna Kano, Legas, Libiya da Aljeriya, yau mun leƙa tarihin kokowar gargajiya, wasan da ya fi kowane tara jama'a a Nijar.

A birni yanzu muna ganin yara da fararen riguna suna koyon karate ko taikwando, da malami da ɗamara mai launi. Ba laifi ba ne: da taikwando Abdul Razak Isufu Alfaga ya kawo wa Nijar lambar azurfa daga gasar Olamfik ta Riyo a 2016. Amma ita kokowa lakwal ɗinta dandalin gari ne. Bayan an gama girbi, hatsi ya shiga rumbu, sai a buga ganga, samarin wannan gari su gayyaci na wancan. Yaro yana kallon yayyensa, yana faɗuwa yana tashi, har ya iya.

A 1975, zamanin Seyni Kunce, gwamnati ta mai da wannan wasa gasar ƙasa. An yi ta farko a Tawa, kuma Yakuba Kantu na Maraɗi ne ya yi nasara. Yanzu jihohi 8 ke shiga: Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi, Yamai da Damagaram. Kowace jiha na kawo ƴan kokowa 10, su 80 ke nan, kuma ana zagayawa da gasar daga jiha zuwa jiha. Wanda ya rage ba a kayar da shi ba har ƙarshe, shi ne sarkin kokowa, shi ke tafiya da takobi. Kadri Abdu na Doso, wanda aka fi sani da Isaka Isaka, sau 6 yana ɗaukarsa.

Filayen ma sunan mazajen jiya suke ɗauke da shi. Na Maraɗi na Kantu ne, na Doso na Salma Ɗan Rani, namu kuwa na Langa-Langa, ɗan kokowar da ya taɓa kawo takobi Damagaram. In ka shiga ranar gasa za ka tarar da makaɗa, da masu kirari, da ƴan cali-cali masu kwaikwayon ƴan kokowa suna ba jama'a dariya, ga layu da guraye a damtse da ƙugu.

Abin lura, waɗannan mazaje 10 ba daga sama suke faɗowa ba. Daga ƙauyuka ake zaɓo su, mataki-mataki, har zuwa jiha. In samari duk sun tafi cirani da rani, dandali ya yi shiru, to wa za a zaɓa? Don haka muke kira ga masu gari da matasa da su riƙe kokowar kaka. Ku kuma na nesa, in kun aiko da na cefane, ku tuna da ladan makaɗi da kyautar yaron da ya yi kaye.