Na'urar da ke cike gurbin rubutun Romawa

Yau tarihinmu ya kai mu daular Romawa, mutanen da ba su gajiya da rubutu a kan dutse. Kabari, gidan bauta, bakin hanya, duk sai sun sassaƙa wani abu da Latin, harshen da ya haifi Faransancin da muka sha wahalarsa a lakwal. Har a Libiya da Aljeriya, maƙwabtanmu, irin waɗannan duwatsu na nan birjik.

Matsalar ita ce da yawa sun farfashe. Sai a tono dutse, rabin sunan mamacin ya tafi, ba shekara, ba a ma san daga ina aka ɗauko shi ba.

To amma Romawa suna da maimaici. Rubutun kabari sau da yawa da haruffa biyu yake farawa, D M, wato sadaukarwa ga ruhohin matattu, sannan suna, sannan shekarun da ya yi a duniya. Don haka masani kan nemi wani dutse mai irin lafazin, ya kwatanta, ya cike gurbi. Aikin kan ci makonni.

Nan ne kamfanin Google DeepMind ya shigo. A watan Yulin 2025 ya fito da wata manhaja mai suna Aeneas, wadda aka horar da rubutu sama da 176,000. Ka ba ta guntun rubutu, nan take ta jero maka masu kama da shi, ta yi hasashen haruffan da suka ɓace, da lardin da aka rubuta shi, da zamaninsa. Masana tarihi 23 suka gwada ta, kuma sakamako ya fi kyau idan mutum da na'ura suka haɗa hannu.

Ni abin da ya burge ni shi ne gwajin da aka yi mata da rubutun da sarki Ogustus ya lissafa ayyukansa, wanda kwafinsa ke jikin bangon wani gidan bauta a Ankara ta Turkiyya. Masana sun daɗe suna gardama: tun da sauran ƙarfinsa aka tsara shi, ko dab da rasuwarsa a shekara ta 14 Miladiyya? Aeneas ba ta yanke hukunci ba. Lokuta biyu ta nuna, ɗaya ƴan shekaru kafin Miladiyya, ɗaya tsakanin shekara ta 10 da ta 20, ta fi karkata ga na biyun. Wato daidai inda malaman suka rabu, nan ita ma ta rabu.