Daga Akwatin Rediyo zuwa Rauta Mai Zango Biyu: Tarihin Sadarwar Iska a Gidajen Ƙasar Paki

Garin Paki da ke ƙaramar hukumar Ikara, tare da maƙwabtansa na Makarfi da Kudan a arewacin jihar Kaduna, yanki ne na manoman rake da tumatir da masara, kuma tarihin sadarwarsa ya saɓa wa na ƙasashen da suka ƙirƙiro kayan sadarwar, domin a can wayar tarho ce ta fara shiga gidaje kafin a gano hanyar rabuwa da ita, a nan kuwa saƙon iska ne ya riga waya isowa, kuma har yau wayar ba ta shiga mafi yawan gidaje ba. Tun da aka buɗe gidan Rediyon Kaduna a 1962 mutanen yankin suka saba da murɗa akwati tsakanin gajeren zango da matsakaicin zango, suka kuma san cewa kowane zango da irin nisan da yake ci. Tarho kuwa ya kasance abin birni, domin kamfanin NITEL da aka kafa a 1985 bai kai ga samar da layuka rabin miliyan masu aiki a duk Nijeriya ba har ƙarshen ƙarnin da ya gabata.

Sauyin ya faro ne a watan Janairun 2001, a zamanin da Ahmed Mohammed Makarfi yake gwamnan jihar, lokacin da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta yi gwanjon lasisin wayar salula a kan dala miliyan 285 kowane ɗaya, kamfanonin MTN da Econet suka fara aiki a watan Agusta, Glo kuma ya biyo baya a 2003 da lissafin kira daƙiƙa-daƙiƙa. An ba da lasisin 3G a 2007, igiyoyin Main One da Glo-1 na ƙarƙashin teku suka fara aiki daga Legas a 2010, manyan kamfanonin kuma suka fara shiga 4G a 2016. Daga nan ne intanet ta fara zama a cikin gida, ta hanyar 'yar na'urar aljihu mai ɗaukar sim wadda ake kira MiFi, ko babbar yayarta da ake kira rauta, wato akwatin da ke karɓar sabis daga turken kamfani ya rarraba shi ga na'urorin gidan.

Wannan rarrabawa, wadda aka sani da Wi-Fi, ta samo asali ne daga hukuncin hukumar sadarwar Amurka na 1985, wanda ya buɗe wasu zanguna ga kowa ba tare da lasisi ba. Ƙa'idar farko mai lamba 802.11 ta fito a 1997, sannan a 1999 aka fitar da rassa biyu, ɗaya a zangon gigahaz 2.4 mai gudun megabit 11 a daƙiƙa, ɗayan a zangon gigahaz 5 mai gudun megabit 54, gigahaz kuwa shi ne kaɗawar igiyar rediyo sau biliyan ɗaya a daƙiƙa. Ƙa'idar 802.11n ta 2009 ce ta yaɗa rauta mai aiki da zangunan biyu. Na 2.4 ya fi cin nisa da ratsa bango, amma hanyoyinsa uku ne kacal da ba sa hawa kan juna, kuma yana cunkoso da Bluetooth. Na 5 ya fi sauri da yalwa, sai dai katanga biyu ko uku kan raunana shi ƙwarai.

Matsalar haɗa kayan gida masu aiki da intanet ta taso ne daga tattalin kuɗi. A 2014 kamfanin Espressif na Shanghai ya fitar da ƙwayar ESP8266, mai arha matuƙa, wadda ba ta jin komai sai zangon 2.4, kuma da ita da ire-irenta aka cika ƙwayayen fitila da soket da kyamarorin tsaro da ake sarrafawa daga waya, irin waɗanda ke isowa kasuwar Farm Centre ta Kano da shagunan PZ a Zariya. Muddin gida yana amfani da tsohuwar MiFi, wadda galibinta zango ɗaya gare ta, babu wata tangarɗa. Da sababbin rauta suka zo, musamman bayan MTN ya fara 5G a 2022 da shigowar Starlink Nijeriya a Janairun 2023, sai aka riƙa haɗe zangunan biyu ƙarƙashin suna ɗaya, rautar tana tura wayar maigida zuwa na 5, manhajar da ke wayar kuma ta kasa miƙa wa kyamarar kalmar sirri ta hanyar da za ta gane. (Kamancin suna yakan ƙara ruɗani, alhali 5G tsarin turakun salula ne, ba shi da alaƙa da zangon gigahaz 5 na cikin gida.) Maganin da masu haɗawa suka tsaya a kai shi ne a raba wa zangunan suna, ko a kashe na 5 na ɗan lokaci, a ɗora waya a kan na 2.4 har na'urar ta kama, kana a mayar da komai yadda yake.

Abin lura shi ne cewa zangon da talla ke nunawa a matsayin tsohon yayi shi ne ya dace da ginin Bahaushe. Gidan gargajiya na ƙasar Zazzau ba dunƙulallen gini ba ne, yana farawa daga zaure, ya bi ta shigifa zuwa tsakar gida, sannan ya rarrabu sassa-sassa, da kaurin katangar tubali ko bulo da rufin kwano, wanda ke mayar da igiyar rediyo baya. Rautar da aka ajiye a turakar maigida da wuya zangonta na 5 ya kai ƙofar gida, inda ake son kyamara ta zauna, tunda al'adar suturta cikin gida ba ta yarda a juya idonta zuwa sashen mata ba. Na 5 ya fi amfani ga talabijin ko kwamfutar da ke ɗaki ɗaya da rautar.

Abin da ya fi zango ƙayyade yaɗuwar waɗannan kaya a karkarar Ikara da Kudan shi ne wutar lantarki da tsadar data, domin soket mai jin umarni ba shi da amfani a layin da babu wuta, kyamara kuma tana cinye data dare da rana idan aka bar ta tana aika hoto. Wannan ne ya sa a irin waɗannan garuruwa tsarin yake bin bayan farantan sola da batir, kuma na'urar da ta fi cancantar kuɗinta ita ce ɗan abin da ake maƙala wa inbata domin ya nuna wa mai shago ko mai gona, ko yana Kano ko Kaduna, yawan cajin da ya rage masa, wanda shi ma mafi yawansa a zangon 2.4 yake aiki.